Hoton 'Yan Biyun Inno

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da Inno ta tuna da wannan karin magana ranar da motar masu garin jarirai ta tsaya a kasuwar Dayi, da ba ta shiga ruɗun da ta shiga ba.

Inno tsohuwa ce mai jikoki 'yan biyu, Hassan da Usaini, 'ya'yan ɗanta da matarsa Rukayya. Tun ranar suna ta kafa doka a gidan: abin da aka yi wa ɗaya, sai an yi wa ɗayan. In za ka sayo hula, sayo biyu ko ka bar ta a kasuwa. In ka ɗauki Hassan ka yi masa wasa, kada ka kuskura ka wuce Usaini. Ta ce da idonta ta ga gidan da aka ɓata wa ɗan biyu rai, aka yini ana iza wuta tukunya ta ƙi tafasa. Malamai sun ce camfi ne. To, su ce. Adalci dai ba camfi ba ne.

"Maza biyu gare ni," haka take faɗa tana yi wa jikokin wasa, "kuma ba na raba musu tuwo da son kai."

Sai dai Allah bai raba musu jiki daidai ba. Fuska kam kamar an tsaga kara. Amma Hassan ɓulɓul yake, kumatu har suna rinjayarsa, shi kuwa Usaini tun da ya sha zawon haƙori ya zube, sai kai da ido. Kunu ɗaya suke sha, nono ɗaya, kowa da rabonsa.

Ranar kasuwa sai ga mota mai fenti rawaya da lasifika a ka. Wata budurwa ce ke magana, Simisola, Bayarabiya haifaffiyar Funtua, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Garin da suke talla sunansa Lallashi. Ta ce asalinsa wata mata ce can kudu, ɗanta ya ƙi cin komai bayan yaye, ta soya masara da waken suya ta niƙa ta dama masa. Maƙwabta suka fara roƙo, abu ya tashi daga kwano ya koma leda, daga leda ya koma gwangwani. Shekara da shekaru hoton da ke jikinsa zanen wani jaririn Bature ne da ba wanda ya san uwarsa.

"Yanzu kamfani ya ce tunda masarar daga gonakinku take fitowa, yaron talla ma daga cikinku zai fito! Iyaye mata, a kawo yara!"

Rukayya na goye da Hassan, Inno na goye da Usaini. Ba su ma shiga layi ba Simisola ta hango kumatun nan ta diro daga mota.

"Hajiya, wannan muke so. Hoto kawai, a ba ku katan guda, da riga, da kwano."

"Ban je Makka ba, 'yata, Inno nake. Kuma ba a ɗaukar wannan a bar wannan." Ta kwance goyo ta nuna mata Usaini.

"Ayya, Inno, ai yaro ɗaya aka ce mu kawo."

"To ku nemi wanda aka haifa shi kaɗai. Uwar biyu, mu tafi."

Simisola ta dubi Usaini, ta dubi Hassan, ta sake duban Usaini. Ta koma gefe ta yi waya da Turanci tana ta kaɗa hannu. Da ta dawo bakinta har kunne.

"An yarda, Inno! Duka biyun!"

Aka sa wa Hassan sabuwar riga rawaya, aka ba shi kwano da cokali, aka yi ta tafa masa har ya ƙyalƙyale. Da aka zo kan Usaini sai mai hoto ya ce a tuɓe masa riga. Aka ba shi cokali ya riƙe, aka fizge, ya ɓare baki, nan aka ɗauka. Abin ya tsaya wa Inno a rai. Me ya sa wannan da riga, wannan tsirara? Ta tambaya, aka ce aikin hoto ne, haka ake yi. Ta ce to a ƙaro riga da kwano. Aka ƙaro. Ta koma gida da komai bibbiyu, tana ganin ta cika doka. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan an cire masara, wata ranar kasuwa, Inno ta je shagon Abike sayen sabulu, Usaini a bayanta. Abike Bayarabiya ce, tsohuwar 'yar kasuwa, a Dayi ta aurar da 'ya'yanta. A bangon shagon ga ƙaton hoton talla: Usaini a hagu yana kuka, haƙarƙari a waje, Hassan a dama yana dariya. Tsakaninsu gwangwani da jar kibiya. Inno ta tsaya ta auna da ido. Girman hoton daidai, ba a tauye wa kowa ba. Ta yi hamdala.

Wata baƙuwa da ta sauko daga motar Matazu na tsaye tana kallon hoton, da yarinya ramammiya a kafaɗarta. Ta juyo ta ga Usaini a goye, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba, ba shi ne wannan ba? Komawa ya yi?"

"Ina ya koma?"

"Ramar! Kun daina ba shi ne?"

"Ba shi me?"

"Garin mana. Gwangwani nawa ya sha ya zama haka?" Ta nuna Hassan.

"Wannan ai ba shi ba ne."

"To wane ne?"

"Hassan."

"Shi wannan fa?"

"Usaini. Ga shi kina gani."

"To da ya warke ne aka sake masa suna?"

Inno ta ji kanta ya yi dum. Ta leƙa shago. "Iya Abike, fito ki raba ni da wannan baiwar Allah. Ni ce ba na ji, ko ita ce ba ta gani?"

Abike ta fito tana goge hannu, ta ƙi haɗa ido da ita. Ta ce akwai rubutu a saman hoton. Kan Usaini an rubuta "Kafin Lallashi", kan Hassan "Bayan Lallashi".

"Kafin? Ai Hassan ne ya riga fitowa. Ni na karɓe shi."

"Mu a wajenmu ma wanda ya zo daga baya shi ne babba, aiken ƙaramin ya yi ya dubo masa duniya. Amma ba wannan ake nufi ba, Inno. Cewa suke yaro ɗaya ne. Da yana haka, ya sha gari, ya koma haka."

"Yaro ɗaya? Ni na goyi ɗaya, uwarsu ta goyi ɗaya. Rana ɗaya aka ɗauke su, ko buɗe gwangwanin ba mu yi ba."

"Na sani."

"To Usainin yana ina a ciki?"



Inno ta nemi benci ta zauna. Ita ta ce a ɗauki biyu, an ɗauki biyu. Riga biyu, kwano biyu. Ta lissafa ta sake lissafawa, ba ta ga inda aka rage ba, amma ga shi an rage. An mai da Usaini ciwon da ɗan'uwansa ya warke daga gare shi. Duk wanda ya kalli bangon nan zai gode wa Allah da yaron hagu ya wuce, alhali ga shi a bayanta yana tsotsar ɗan yatsa.

Baƙuwar dai ta sayi gwangwani ɗaya. Inno ta ce mata ta fara kai yarinyar asibiti a duba ta. Matar ta ce to, za ta kai. "Amma ko wanne ne dai, Baba, ɗaya ya yi ƙiba."

"Cire hoton nan," Inno ta ce wa Abike bayan matar ta tafi.

"In na cire nawa fa? Yana Malumfashi, yana Funtua, har Dandume an ce an liƙa. Yana bayan motoci." Abike ta ɗaga kai ta dubi hoton. "Ni ma kakata 'yan biyu ta haifa. Ba a yi musu haka."

Ta shiga ta ɗauko alƙalamin da take rubuta farashi a jikin kwali, ta taka benci, ta shafe kalmomin nan da baƙi, ta shafe kibiyar, ta yi wani rubutu a kan kowane yaro.

Inno ba ta iya boko ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta tare wani ɗan acaɓa da ya tsaya sayen ruwa.

"Kai, Manu, karanta mini abin da ke nan. Da ƙarfi."

"Usaini," in ji shi. "Hassan."

"Da wa ka fara?"

"Da na hagu mana, Inno, haka boko yake."

"To sake. Faro ta dama."

Ya yi dariya ya ga ba ta yi ba. "Hassan. Usaini."

"Yauwa."

Ta miƙe tana gyara goyo. A daidai nan wata bas ta taso ta nufi Funtua, hoton a liƙe a bayanta da jar kibiyarsa. Inno ta ɗaga hannu kamar za ta tsayar da ita, ba ta ma san me za ta ce wa direban ba. Motar ta wuce. Ta jawo mayafi ta rufe wa Usaini fuska har ta ɓace, sannan ta tambayi Abike nawa ake sayar da irin alƙalamin nan.