Motar da Ke Jin Sanyi

Ladan bai gama kashe motar ba Hajiya Hamsatu ta riga shi fita, ta doshi rumfar Zakka bakanike.

"Zakka, yau za a yi ta ta ƙare. Ko motar nan ke shanye mini mai, ko direbana."

Ladan ya sunkuyar da kai. Tun yana saurayi yake tuƙa ta daga Ƙofar Dumi zuwa shagonta na atamfa, ko ɗigon mai bai taɓa zuƙa ba. Amma tun bara tanki ba ya kwana, kuma ya ji ƙishin-ƙishin ta fara cigiyar wani direban.

Zakka ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya tayar da inji, ya kalli allon, sai ya kwashe da dariya.

"Mama, motarki sanyi take ji."

"A ranar nan ta Bauchi? Ko ka fara shaye-shaye ne?"

"Allah kuwa! Akwai kwamfuta a ciki, birenbos muke ce mata. Ita ke auna wa inji mai. Ba ta da ido, sai abin da wayoyi suka gaya mata. In ta ji inji da sanyi sai ta ƙara mai, in ya ɗumama ta rage. To, wani ya cire tamostat, ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, ya kuma haɗa fanka ba tsayawa. Ita a wurinta kullum asuba ce, sai zuba mai take yi."

"Wane marar hankalin ne ya sa aka cire?"

Ladan ya tuna bara a hanyar Tirwun, ranar da Hajiya ta tsaya a kan wani bakanike tana faɗa, wai ƙarfen na ƙasar ƙanƙara ne, a cire shi kada ya ƙona mata inji. Ya kama goge madubin da ba shi da datti.

Hajiya ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta gyara mayafi.

"To... a mayar."

A hanyar gida, da suka zo wajen mai sayar da masa, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Malam Ladan, tsaya."

Ta saya cike da leda, da zafinta, ta miƙo masa daga baya.

"Ka kai wa Salma da yara. Gobe kuma kada ka makara."

"In sha Allahu, Hajiya."

Ya sa giya yana murmushi.