Wendell Ya Zo Karɓar Tsaninsa

Duk unguwar bakin tafki an san Wendell da rowa. Ko tsani ka ara a wurinsa, sai ya bi ka har gida ya tsaya yana kallon yadda kake taka shi. Shi ya sa ranar Asabar ɗin da ya buɗe garejinsa yana rabon kaya, maƙwabta suka yi ta murna kamar an yi musu gafara.

Dwight mai gidan burodi ya samu sandar kamun kifi, har da kwatancen lungun da manyan kifaye ke taruwa, sirrin da Wendell ya shekara talatin yana ɓoyewa. "Tsoho ya shiryu!" in ji Dwight.

Lorraine, wadda katanga ce kawai tsakaninta da Wendell, ita ta samu tsanin. Tana cikin dariya sai ya miƙo mata igiyar karensa Biskit.

"Ya fi son girkinki," ya ce. "Kuma ki yafe min rigimar da na yi miki kan ganyen bishiya."

Dariyar ta maƙale mata. Tun rasuwar matarsa bara ya daina zuwa shan kofi da abokai, ya rame, kwanaki ma ta ji ya ce shi nauyi ne kawai a kan 'yarsa. Yau kuma ga shi hankali kwance, yana sallamar kowa. Tsoro ya kama ta.

Ta jingine tsanin ta ja kujera. "Wendell, kada ka yi min kwana-kwana. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Ya dubi karen. "Ba wanda ya tambaye ni," ya ce, sai hawaye.

"To ni na tambaya, kuma ba inda za ni."

Tare suka kira layin wayar da ake taimakon masu irin wannan tunani. Ta sanar da 'yarsa Carla, ta kai shi asibiti a motarta, Biskit a kujerar baya. Da ya dawo ta mayar masa da karensa, ta kafa masa doka: kofi kullum ƙarfe takwas, ko yana so ko ba ya so. Wata ranar ba ya cewa uffan, ita kuwa ba ta taɓa rasa abin faɗa ba.

Bayan wata huɗu, da sassafe, aka buga ƙofarta kamar za a ɓalle ta. Wendell ne, fuska a murtuke, Biskit a gefensa.

"Tsanina! Zan gyara rufi kafin ƙanƙara ta sauka. Wa ya ce ki bar shi a ruwa? Dubi tsatsa! Dwight ma zan je kansa, ɓarawon kifi."

"Kai marowaci, ba kyauta ka ba ni ba?"

"Na fasa."

Lorraine ta yi dariya har da ƙwalla. Ba ta taɓa jin daɗin rowar mutum kamar yau ba. Ta ɗauko masa tsanin, ta bi shi har gida, ta tsaya tana kallon yadda yake taka shi.