Shatin Hannun Oom Wynand

Tun daga rumfar masu suyar fanke Tannie Magriet ta hango wata mace zaune a kan marfin tayar taraktarta, ta harɗe ƙafa, mijin matar yana ɗaukarta hoto. Ta bar fanken a hannun mai suya, ta taho da saurin da gwiwoyinta suka yarje mata.

Taraktar ta mijin Magriet ce, marigayi Oom Wynand. A garinsu Oom ake ce wa dattijo, dattijuwa kuma Tannie. Duk shekara shi ke kawo ta baje kolin tsofaffin taraktoci na garinsu. Bana ita ta kawo. Sauran manoma sun yi wa nasu fenti, sai walƙiya suke, ita ko wanki ba ta yarda an yi ba. Ranar da ya faɗi a gona ya rasu, Wynand ya dafa marfin tayar hagu da hannu duk baƙin mai, yatsu biyar suka fito raɗau. Idan ƙura ta hau wurin, da baki take hure ta.

A da, mai kallo yakan tsaya bayan igiyar da aka kewaye taraktoci da ita, ya goya hannu a baya, ya nemi izinin mai abu kafin ya matso. 'Yan yanzu kuwa, waya na hannu, igiya ta zama abin tsallakewa.

* * *

"Sauko," in ji Magriet.

"Ɗaya ya rage, Tannie," in ji mijin, idonsa a kan waya. "Lizelle, ɗan ɗaga haɓa."

"Na ce ki sauko. Kujerar gidanku ce?"

Matar ta zamo tana karkaɗe farin siket ɗinta. "Haba Tannie, abin bai kai nan ba. Ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba."

Magriet ta juya ga Oom Fanie, maƙwabcin da ta bar wa gadi. "Fanie, tsaron ke nan?"

Ya cire hula yana murza ta. "Juyawa ɗaya na yi, Magriet. Injina ne ya ƙi tashi."

Sai a lokacin ta dubi marfin tayar. Tas yake, jan fentin da ya koɗe yana sheƙi da danshi.

"Na ma goge miki dattin wurin," in ji matar. "Maiƙo kamar me! Sai da na dirje sosai. Tannie, ki riƙa sa a wanke ta kafin ki kawo cikin mutane."

Suka tsallake igiya suka wuce, kawunansu a haɗe suna zaɓar hoto.

* * *

Da yamma taraktoci suka jera suna zagaya fili, jama'a na tafi. Magriet ba ta shiga layi ba.

A cikin ciyawa, gindin taya, ta ga tishun da matar ta yar, a cukuikuye, ya yi baƙi. Ta durƙusa da ƙyar ta ɗauka, ta warware shi a kan cinyarta. Ba yatsa ko ɗaya, dabbaren mai ne kawai. Ta ninke shi, baƙin daga ciki, ta sa a jaka.