Injin da Aka Sa wa Sunan Glenys

Shekara tara Glenys Tuckwell ta yi tana yaƙi da hanyar motar da za a haƙa a ƙarƙashin kogin Brisbane. Ta rubuta wasiƙu, ta ɗaga kwalayen zanga-zanga cikin rana, ta ce gidajen unguwarsu za su tsage kamar ƙwai. Ciwon hanta ya ɗauke ta ba a ba ta amsa ba. Wata biyar da rasuwarta sai ga amsar a ƙofar mijinta Merv: wata mata daga kamfanin haƙa hanyar, sanye da farar hular kwano.

"Mista Tuckwell," in ji matar kamfanin, "al'adar masu haƙa ce, ba a tayar da injin sai an raɗa masa sunan mace. Mun ga babu kamar marigayiya. Mace mai naci!"

Merv ya yi shekara talatin yana koyar da tarihi, ya san abin da masu nasara ke yi da gawar abokin gaba.

"Duk kamfaninku babu mai uwa ne? Ku sa nata."

Matar ta dubi 'yarsa Narelle, wadda ke juya shayin da ya riga ya huce.

"Baba, na sa hannu tun jiya."

"Ke? Ke da kika riƙa mata kwali?"

"Ina 'yar shekara sha biyu ba! Yanzu awa biyu nake tsaye kan gada cikin cunkoson motoci kafin in zo in ga ko ka ci abinci. Girmamawa ce fa, Baba."

Aka rubuta sunan a jikin injin da jan fenti, kowane harafi ya fi mutum tsawo. Aka yi jawabi, aka tafa, aka raba biskit. Merv bai je ba.

Sunan ne ya zo ya same shi. Jarida ta ce Glenys ta wuce rabin kogi. A shagon soyayyen kifi, Stavros mai shagon ya miƙo masa ƙunshinsa yana dariya.

"Mutumina, matarka ta shigo ƙasan layinmu. Jiya ta tsaga mini bangon bayi. Ka yi mata magana mana!"

"Ta yi muku magana shekara tara."

Ran Talata kofunan marigayiyar suka fara rawa a kan kanta, bangon kicin ya tsage daga taga har ƙasa. Narelle ta kawo takardar neman gyara. Injina biyu ne ke haƙa, don haka akwai layin da za a rubuta sunan injin da ya yi ɓarnar.

"Kalma ɗaya ce, Baba. In ba ka rubuta ba, ba za su zo ba."

Merv ya daɗe yana kallon layin. Ya naɗe takardar gida huɗu, ya cusa ta cikin tsagar. Ta shige ba ko turjewa.