Kofin Da Ke Gidan Tela

Goggo ta zura hannu cikin kofin azurfar ta lalubo goro, ba ta ko dubi takardar da ke hannun Abdulmajid ba. Wata goma ke nan kofin yana bisa kabad ɗin falo, kuma tun ranar da ya shigo gidan ta mai da shi ma'ajiyar goronta.

"Majidu, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Goggo. Jadawalin wasannin bana ne."

Jadawalin ƙungiyarsu ne ta 'yan golf, mutum arba'in masu buga ƙwallo ran Asabar a kan tudun bayan gari don nishaɗi. Likitoci ne da lauyoyi da manyan banki, shi kaɗai ne tela a cikinsu. Da ɗaukar musu jakar sanduna ya fara, shekara talatin da suka wuce, bara kuwa ya lallasa su kaf ya ɗauko kofi.

Ƙungiyar tana da al'adarta, rubutacciya a doka ta tara. Liyafar buɗe kakar wasa a gidan mai riƙe da kofi ake yin ta. Shugaba da kansa zai tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ɗan'uwa, buɗe wa 'yan'uwanka," sannan a ci abinci, a karɓi kofin. To ga shi yau Shugaba, Lauya Owona, ya rubuto tare da jadawalin cewa saboda halin da ake ciki za a yi liyafar a otel, direba zai zo ɗaukar kofi ran Juma'a.

Halin da ake ciki! Abdulmajid ya san ba karyewar darajar kuɗin sefa ake nufi ba, ba kuma zaftare albashi ba. Tun da sojojin ƙasar nan da na Najeriya suka ja daga a kan iyaka, raha ta mutu a filin wasa. Wani ma har dafa shi ya yi yana murmushi, wai, "Yaya labarin can gida?" Wane gida? Kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin goro, kuma a nan Yaoundé, babban birnin ƙasar, aka binne shi. Shi Abdulmajid ko kan iyakar bai taɓa gani ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Matarsa Salamatu ta leƙo daga madafi. "Baban Najib, ragon fa? Na riga na faɗa wa Njidda mai tsire, unguwa duk ta ji."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

* * *

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci direba ya yi sallama. Abdulmajid ya riga ya juye goron a faranti, ya naɗe kofin cikin ƙyallen shadda. Me zai ja? Rabin manyan rigunan da yake ɗinkawa na mutanen nan ne, ga shi kasuwa ta mutu.

Sai ya tarar da Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta gicciya sandarta a bakin zaure. Shekararta tamanin da 'yan kai, a nan unguwarsu ta Briqueterie aka yanke mata cibi.

"Majidu, wata goma kana cika mana kunne da abin da babbanku zai faɗa a ƙofar nan. Maimaita mini."

Ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan bawan Allah ya faɗa?"

"A'a, Goggo. Shi direba ne."

"To ni ban ga wanda ya zo karɓar kofi ba. Ubanka bai taɓa miƙa mutuncinsa ta taga ba. Kai kuma ka ga dama."

Kunya ta rufe Abdulmajid. Ya kwance ƙyallen a hankali, ya mayar da kofin bisa kabad, ya fito wurin direba.

"Ka gai da Shugaba. Ka ce masa in ji tela: article neuf, wato doka ta tara."

* * *

Asabar ta zo da ruwa tun safe. Da ya ɗauke, Salamatu ta jera kujeru arba'in na aro a tsakar gida, Njidda ya hura wuta, ƙamshin ƙuli da yaji ya cika lungu. Azahar ta wuce. La'asar ta yi. Kujeru suna nan wayam, maƙwabta sai leƙe suke ta katanga. Salamatu ta shige ɗaki don kada a ga idonta.

Can sai ga wata murya kamar ta mai kiran kasuwa: "Masa Majid, a don kam!" Wato "Maigida Majid, na iso," da Turancin kasuwa.

Dokta Tabi ne, mutumin Bamenda, can yankin masu Turanci kusa da iyakar Najeriya, wandonsa naɗe har gwiwa. Ya faɗa kan kujera yana haki, ya ce otel ɗin ba komai sai biskit da dogon jawabi, ga tebur an shimfiɗa masa farin ƙyalle amma ba kofi. "Na miƙe na karanta musu doka ta tara, na ce ba kofi, ba wasa. Ni ma ai an sha tambayata yaushe zan koma garinmu. Ina naman?"

Kafin ya gama tsinke na biyu, sai ga su bi da bi. Mota ba ta shiga lungun, dole kowa ya taka. Kai, ka ga manya suna tsallen kwata riƙe da hannun matansu! Lauya Owona ne na ƙarshe, farin takalminsa ya koma ja da taɓo. Ya tsaya a ƙofar gida, jama'ar unguwa sun yi masa zobe, ya yi gyaran murya ya faɗi kalmomin da Faransanci, can cikin maƙoshi.

Goggo ta kara hannu a kunne. Wallahi matar nan ko faɗuwar allura tana ji.

"Me ya ce? Majidu, ka ce masa tsohuwa ba ta ji ba."

Owona ya sake, da ɗan ƙarfi.

"Har yanzu!"

Dokta Tabi ya raɗa masa wani abu. Lauyan ya share gumi, ya ɗaga murya, da gurguwar Hausar da ya tsinta wurin masu tsire: "Ɗan'uwa! Buɗe wa 'yan'uwanka!"

Guɗa ta tashi daga madafi, lungu ya ɗauka da tafi. Abdulmajid ya buɗe ƙyauren da hannu biyu, ƙirjinsa cike da farin cikin da ko ranar cin kofin bai ji irinsa ba. Aka ci rago har ƙashi. Owona ma, da yaji ya ratsa shi, sai da ya nemi ƙari.

* * *

Kafin magariba baƙi sun watse da kofinsu. Kujeru goma sha ɗaya ba wanda ya zauna a kansu, Salamatu ta haɗa su gefe. Goggo tana kan tabarma, goronta a faranti.

"Majidu, Mohaman mai shayi da aka kora daga bakin ma'aikatar nan, wai shi baƙo ne, shi wane kofi gare shi?"

"Ba shi da ko ɗaya, Goggo."

"Uhm," in ji ta, ta fasa goro.

A bisa kabad, inda kofin ya zauna, wata da'ira ta fito fes a tsakiyar ƙura. Salamatu ta ɗauko tsumma za ta goge.

"Bar shi," in ji Abdulmajid. Ya jawo jakar sandunansa daga bayan ƙofa, ya zauna yana goge su ɗaya bayan ɗaya.