Cokali Ɗaya a Gangar Ƙarshe

Idan mutum ya zuba cokali ɗaya na wani wiski a cikin ganga cike da wani wiskin daban, aka toshe, aka ajiye shekara arba'in, har ya zama babu hancin da zai shaƙo shi, babu harshen da zai gano shi, shin cokalin nan yana ciki ko ya tafi? Ni dai ban sani ba. Dod Shand ma bai sani ba, ga shi kuwa shi ya zuba.

Dod ya yi shekara goma sha bakwai yana aikin sito a Dalvarra, gidan dafa wiskin da ke bakin rafi a ƙasan garin, kafin a rufe shi a tamanin da uku. Daga nan ya koma tuƙa motar burodi har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Morag ta rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansu ɗaya yana Kanada, yakan bugo waya ranar sabuwar shekara.

A ɗakin da Morag take ɗinki a da, yanzu kwalabe ne, guda sittin da uku, a tsaye a kan kanta, labule a sake don kada rana ta taɓa su. Duk na Dalvarra ne. Kamfanin bai taɓa ɗura wiskinsa a kwalba da sunansa ba, sayarwa yake yi ga masu haɗawa, su gauraya shi da na gidaje ashirin. Sai ƙananan 'yan kasuwa masu cin gashin kansu ne suke tsintar ganga ɗaya nan, ɗaya can, su ɗura ta ita kaɗai, su rubuta lambarta da ranar da aka cika ta a takardar da ke jikin kwalbar. Lambobin nan kuwa Dod ne ya rubuta su da farin fenti a kan gangunan. Shi ya sa idan ya ɗauko kwalba ya karanta, ranar takan dawo masa: an yi ƙanƙara ko ba a yi ba, wa ya yi fashin aiki, me Morag ta sa masa a gwangwanin abinci.

Daga Asabar zuwa Asabar ba ya magana da kowa, in ka ɗebe matar da ke karɓar kuɗi a kantin kayan abinci. Ranar Asabar da ƙarfe biyu kuwa yana bayan shagon Ishbel Rennie. Ita ta gaji sana'ar ɗura wiski daga mahaifinta, wanda abokin Dod ne tun suna makaranta. Teburi ne ƙarami da kujeru uku, da busasshen biskit da cuku. Kujera ta uku ta Wattie Mair ce, wanda a da shi ne mai kula da tukunyar jan ƙarfen da ake dafa wiski a Dalvarra. Ishbel takan zuba musu ɗan kaɗan ba tare da ta nuna kwalbar ba, su shaƙa, su kurɓa, su yi ta musu a kan daga ina ya fito.

Wannan Asabar ɗin ba ta ce su canka ba. Ta ajiye kofuna uku, ta zauna, ta haɗa hannuwa.

"Dubu ɗaya da ɗari da arba'in da bakwai," in ji ta.

Wattie ya ajiye biskit ɗin da ya kai baki. "Ke yarinya, ba a wasa da tsofaffi."

"A wani sito na same ta a kudu, can ƙurya, ƙura ta rufe lambar. Wata takwas ina bin masu ita. Jiya ta iso."

Lambar gangar ƙarshe ke nan da aka cika a Dalvarra, ranar Juma'ar da aka kashe wuta. Wattie ya ɗauki kofinsa da hannu biyu, ya daɗe hancinsa a ciki. Da ya ɗago, idanunsa sun kawo ruwa.

"Aikina ne wannan," ya ce. "Ni na dafa shi. Ka ji tuffa, Dod? Ka ji kakin zuma? Shaƙa mana, tsohon banza, ko hancin ma ya yi ritaya?"

Dod ya shaƙa. Akwai tuffa, akwai kakin zuma. Babu wani abu bayan su.

"Kwalba ɗari da arba'in za ta bayar," in ji Ishbel. "Sauran iska ta sha. Ga abin da nake so. A takardar jikin kwalbar za a rubuta Dalvarra, na gida ɗaya, ganga ɗaya, ta ƙarshe. A ƙasa kuma ku biyu ku sa hannu a kowace ɗaya. Wanda ya dafa, da wanda ya toshe."

"Kawo biro," in ji Wattie.

"Ni ba zan sa ba," in ji Dod.

Suka dube shi.

"Me ya sa, Kawu Dod?"

"Hannuna ba ya son rubutu yanzu."

"Ji shi," in ji Wattie. "Mutumin da ya rubuta lamba a ganga dubu goma. So yake a roƙe shi kamar amarya. Bar shi, Ishbel, zuwa mako mai zuwa zai zo da bironsa a aljihu."

Dod ya yi dariya tare da su, ya bar sauran wiskin a kofi, ya ce ruwa zai sauko, gara ya kama hanya.

Abin da ya faru ranar Juma'ar nan ba wani abin ɓoyo ba ne a sana'ar. Ganguna goma sha biyun ƙarshe an riga an sayar da su ga masu haɗawa, kamfanin kuma ba ya son wani ya zo daga baya ya ɗura su da sunan Dalvarra. Maganin wannan sananne ne: a zuba wa kowace ganga cokali ɗaya na wiskin wani gida. Da ya shiga, a doka ta tashi daga na gida ɗaya, ta zama haɗi, sunan kuma ya haramta a kanta. Manajan ya jira sai da ma'aikata suka tafi cin abincin rana, sannan ya miƙa wa Dod wata ƙaramar kwalba da cokalin shayi daga ofishinsa. Dod ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe, ya zuba, ya toshe. An rubuta a takarda. Amma kamfanin ya canza hannu sau uku tun lokacin, manajan ya daɗe a ƙasa, takardar kuwa ko ɓera ba zai tuna da ita ba.

Bai gaya wa Wattie a ranar ba, domin ya same shi zaune a gindin tukunyar da ta fara hucewa, ya kifa hula a fuska. Daga baya kuma babu dalilin faɗa. Ya ɗauka gangunan sun narke cikin wani haɗi tun tuni.

Makon nan Dod ya yi ta juya maganar. Ranar Talata ya gangara bakin rafi, inda yanzu gidaje ne jere, sai dogon bututun hayaƙin da aka bari don ado. Ya tsaya ya lissafa wa kansa. Babu wanda zai cutu. Wanda ya sha zai ji abin da Wattie ya ji, ba ragi. Ishbel ta zuba wata takwas da duk abin da ta tara a kan gangar nan. Wattie yana da ciwon zuciya, kuma rabon da Dod ya ga fuskarsa ta yi haske haka tun kafin Wattie ya binne matarsa. A ɗaya gefen kuwa me ke akwai? Cokalin shayi.

Ya ma gwada wata dabarar: ya ƙi sa hannu, ya kuma ƙi magana. Sai ya ga wannan ita ce ta fi muni, domin ya wanke hannunsa ke nan ya bar Ishbel ta buga ƙarya da sunan mahaifinta ba ta sani ba.

Ranar Alhamis da safe ya shiga ɗakin kwalaben don ya share ƙura, kamar yadda yake yi kowane mako. Yana ɗaga su yana gogewa yana mayarwa. Rabinsu bai taɓa ɗanɗana abin da ke ciki ba. Ya yarda da su ne kawai saboda wani mutum da bai taɓa gani ba, a Elgin ko a Glasgow ko a Italiya, ya rubuta abu a takarda, shi kuma ya ɗauka mutumin bai yi ƙarya ba. In aka cire wannan, abin da ke ɗakin Morag ruwa ne mai launin shayi. Kuma ya san akwai wani tsoho irinsa a wani gari mai nisa, da kanta irin tasa, da gurbi ɗaya da ya bari a ƙarshen layi.

Ranar Asabar ya je. Bai cire kwat ɗinsa ba. Ya faɗa musu a tsaye, daga manajan har cokalin, cikin 'yan kalmomi.

Ishbel ba ta motsa ba. "Akwai takarda?"

"Babu. Ni ne takardar."

"Wa ya sani bayan kai?"

"Babu kowa."

Wattie ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To shi ke nan ai. Zauna, malam. Ka tsufa, ka fara mafarki da rana. Goma sha ɗaya ka zuba wa, ka manta ta ƙarshe."

"Ban manta ba, Wattie. Ita na fara zuba wa, ita ce kusa da ƙofa."

"Ka shaƙa da hancinka. Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To mene ne naka a ciki? Shekara arba'in bakinka a ɗinke, muna zaune teburi ɗaya, ka ci cukuna na ci naka. Sai yau da abu ɗaya mai kyau ya same ni ka tuna kai mai gaskiya ne?" Ya miƙe, yana laluben sandarsa. "Ina can ina kuka a gindin tukunya, kai kana nan kana bin aikina da cokali."

"Umarni aka ba ni."

"Na sani. Yau kuma wa ya ba ka?"

Wattie ya fita, ƙararrawar ƙofar shagon ta yi ƙara a bayansa. Ishbel ta tattara kofunan da ba a taɓa ba, ta juya baya tana ɗauraye su.

"Kawu Dod, ka je gida," ta ce. "Ba zan iya kallonka yanzu ba."

Asabar huɗu ya yi a gida. Da ƙarfe biyu ta yi sai ya ga ya riga ya sa takalmi, sai ya zauna da su a kicin har shayin ya huce. Sau ɗaya ya hango Wattie a ƙofar kantin magani, a ɗaya gefen titi. Dod ya ɗaga hannu. Wattie ya juya yana karanta wata sanarwa a jikin gilashi, bai daina karantawa ba sai da Dod ya wuce. Dod bai san ko ya yi daidai ba. Wani lokaci yakan ga ya yi, wani lokaci kuma ya ga girman kai ne kawai ya sa wa rigar gaskiya, ya sayi tsabtar ransa da farin cikin mutum biyu.

Wata Laraba da hantsi, ana yayyafi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ishbel ce, da ƙaramin kwali a hammata. Ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta ajiye kwalin a teburin kicin ta zaro ɗaya daga takardun da za a manna wa kwalaben ta miƙa masa.

Ya nemo tabarau. Babu sunan Dalvarra a ko'ina. An rubuta lambar gangar da ranar, sai kalmar haɗi da manyan haruffa. A ƙasa kuma da ƙanana: an ƙara mata cokali ɗaya na wiskin wani gida ranar da aka cika ta, bisa shaidar wanda ya zuba. Sai layi ɗaya na sa hannu.

"Rabin waɗanda suka ce a ajiye musu sun janye," ta ce. "Na yi mako biyu ina cewa zan buga takardar farkon, in ce ban ji ka ba. Da Baba yana nan da ya fi ni saurin yankewa. Ban ce na yafe maka ba, Kawu."

"Ban tambaya ba."

"Amma idan zan rubuta cewa akwai cokali, sai wani ya tsaya a bayan maganar. Ba ni da takarda sai kai."

"Layi ɗaya ne a nan."

"Wattie ya ce ba zai sa sunansa a kan haɗi ba."

Dod ya juya takardar a hannunsa. "Asabar fa?"

Ta ɗaure ɗankwalin ruwanta a haɓa kafin ta amsa. "Ya ce in ka zo, shi ba zai zo ba. Ni kuma ban san yadda zan yi da ku ba tukuna. Zan dawo in karɓa jibi."

Ya raka ta ƙofa, ya tsaya har motarta ta sha kwana. Sannan ya dawo kicin, ya goge teburin da tsumma ya bar shi ya bushe, ya zaro takardun ya daidaita gefensu. Ya gwada biro biyu a bayan ambulan kafin ya sami mai rubutu. Ya jawo ta farko, ya rubuta George Shand a kan layin, cikakken sunan da ba a kira shi da shi ba tun ranar ɗaurin aurensa. Ya hura tawadar, ya ajiye ta gefe, ya jawo ta biyu.