Huɗu Ƙasa da Sifili

Shekarar da teku ya cinye ragowar gonakin shinkafarmu, maza suka kafa turken katako a bakin masallaci. Suka ja jan layi daidai inda ruwa yake tsayawa in ya cika, suka rubuta sifili. Daga layin zuwa sama kowane taƙi da lambarsa. Zuwa ƙasa ma haka, sai dai da 'yar sanda a gaban lambar.

Ni ce malamar lissafi a firamaren ƙauyen, don haka nakan kai yara wurin turken. Daɓen masallaci biyu ne sama da sifili, hanyar kasuwa kuwa ɗaya ƙasa.

Mbah Sutinah, wato Kaka Sutinah a harshenmu, tsohuwar da ke sayar da busasshen kifi a gefen masallaci, ba ta barin darasin ya wuce lafiya.

"Nduk," wato 'yata, haka take kirana tun ina yarinya, "me kike cusa wa 'ya'yan mutane? Wai akwai abin da bai kai babu ba? In tukunyata ba shinkafa, ai magana ta ƙare."

"Mbah, wannan sifilin ba babu ba ne. Wuri ne kawai aka zaɓa don a fara ƙirga daga nan."

"To da kun zaɓe shi can ƙasa mana, kowa ya huta."

Yara suka yi ta dariya. Da suka watse sai ta riƙo hannuna, ta rage murya.

"Mbah Kasdi fa? Yana nawa?"

Mijinta ke nan, mai kamun ƙaguwa, wanda ya daɗe a maƙabartar bayan gari. A da duk yammacin Alhamis takan kai masa furanni. Yanzu sai ta jira ruwa ya janye, ta kutsa cikin laka har gwiwa.

Na so in ce ban sani ba, amma an auna wurin a gabana.

"Huɗu ƙasa, Mbah."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da korar ƙudaje daga kan kifinta.

Da rani aka yi gayyar cike maƙabartar. Ana kawo jar ƙasa a kwale-kwale daga tudu, ana zare alamar kowane kabari, a zuba, a mayar. Mbah Sutinah ce ta riƙa dafa wa ma'aikata shinkafa da miyar kifi. An ɗaga wurin taƙi uku, ƙasar da aka samu ta ƙare.

Ta same ni a bakin turken, ta ɗora yatsa kan huɗun ƙasa, ta haura uku a hankali.

"Ɗaya ƙasa," ta ce. "Kin ga na iya karatun naki."

Ba wadda ta yi dariya a cikinmu.

Ta sha gaya wa ɗanta Harjo cewa kusa da ubansa za a sa ta. Sai ajalinta ya zo tsakiyar damina, ranar da ruwa ya hau biyu sama da sifili. Aka yi mata wanka, aka sallace ta, aka zauna jira. Azahar ta wuce, ruwa bai motsa ba. Liman ya dafa kafaɗar Harjo, ya ce ba a haƙa kabari a cikin ruwa, ba a kuma ajiye gawa.

Aka sa ta a kwale-kwale za a kai ta tudu, wajen garin Demak. Ina cikin kwale-kwale na biyu tare da mata. Da muka zo daidai maƙabarta, ba abin da ake gani sai kawunan 'yan katakan alamar kaburbura suna leƙowa. Harjo ya tsayar da tuƙi, ya daɗe yana duba, ya kasa gane na ubansa.

"Pak," ya ce wa ruwan, "ga Mak za ta wuce." Haka yake kiran ubansa da uwarsa tun yana yaro.

Sannan ya ci gaba da tuƙi. Kafin magariba aka binne ta a busasshiyar ƙasa, tsakanin mutanen da ba ta taɓa sani ba.